Kircin hannu da sababbin ƙwayoyin magani: a auna jini kafin a haɗiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan kircin hannu da ya ƙi jin magani, wanda likitoci ke kira egzima, da kuma sababbin ƙwayoyin da ake sha saboda shi, waɗanda ake kira masu toshe JAK. Sunayen ƙwayoyin sun fara isowa ta wayoyin hannu, kuma abin da ake faɗa a kansu, cewa suna kwantar da ƙaiƙayi cikin ƴan kwanaki, gaskiya ne. Maradi kuwa gari ne na kasuwa, iyaka na kusa, Katsina da Kano ba su da nisa, magani ba ya wuyar shigowa. Tsoronmu shi ne ƙwayar ta riga bayaninta isowa hannun mutane, a sha ta yadda ake shan maganin ciwon kai.

Likitoci na kiran kircin hannu mai naci idan ya wuce wata 3 bai warke ba, ko kuma yana dawowa sau 2 ko fiye a shekara. Wani tafinsa kan yi kauri ya tsattsage kamar faso, jini na fita a gaɓoɓin yatsu. Wani kuma ƙananan ƙuraje masu ruwa ne ke fesowa a gefen yatsu, da ƙaiƙayin da ke hana barci. Waɗanda ya fi kamawa mun san su duka: magina da leburorin da ke kwaɓa siminti, masu wanki da guga, masu wankin mota da babur, masu rini, majema da dukawa, makanikai, ma'aikatan jinya, masu ƙunshi, sai matan gida da hannunsu ba ya rabuwa da omo da ruwan jabel. Masana lafiyar ma'aikata suna da ma'auni a kan wannan. Wanda hannunsa ke jiƙe fiye da awa 2 a yini, ko yake sanye da safar roba tsawon haka, ko yake wanke hannu fiye da sau 20, yana cikin haɗari. Idan hunturu ya shigo, iska ta bushe, sai abin ya ƙara tsananta.

Kafin a yi maganar kowace ƙwaya, sai an tabbata kirci ne. Makero na kama tafin hannu ya yi kama da shi sosai, kuma alamarsa da aka fi sani ita ce hannu ɗaya tare da ƙafafu biyu, sau da yawa har da farce. A kankaro ɓawon fatar a duba a madubin likita, aikin ƴan mintoci ne. Ƙazuwa na zama a tsakanin yatsu da wuyan hannu, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma za a tarar da wasu a gidan suna susa. Akwai soriyasis, wata cutar fata mai sa kauri da ɓawo, akwai kuma tunjere a mataki na biyu, wanda ke fitar da tabo a tafin hannu da na ƙafa. Duk wanda aka danne masa garkuwar jiki alhali makero ko ƙazuwa ke damunsa, cutar za ta samu fili ne ta yaɗu.

Sai kuma tambayar da aka fi tsallakewa: me hannun ke taɓawa? Kirci iri biyu ne ta wannan fuska. Akwai wanda ruwa da sabulu da kananzir ke jawowa ta hanyar wanke maiƙon da ke kare fata. Akwai kuma wanda jiki ya ƙi wani sinadari ƙi na har abada, ko ɗan kaɗan ya taɓa sai ya tashi. A siminti sinadarin kuromiyam ne, shi ya sa tun 2005 Tarayyar Turai ta hana sayar da simintin da kuromiyam ɗinsa mai narkewa a ruwa ya wuce miligiram 2 a kowane kilo, kuma kircin magina ya ragu a can. A baƙin lalle, wanda ake haɗawa da maganin rina gashi domin ya kama da wuri, sinadarin PPD ne. A zobe da agogo da makullai, nikel ne. Abin takaici, safar roba da mutum ya saya domin ya kare hannunsa ita ma tana iya zama sanadin, saboda sinadaran da ake sarrafa roba da su. Ana gano wannan da gwajin liƙe: a manna ƙananan faya-fayai masu ɗauke da sinadaran a bayan mutum, a bar su awa 48 ba tare da ruwa ya taɓa ba, a cire a duba, a sake dubawa a kwana na 3 ko na 4, wani lokaci har kwana na 7. Dole a yi shi kafin a fara maganin danne garkuwa, domin maganin na iya ɓoye sakamakon. Magini mai ƙin kuromiyam, ko an ba shi ƙwaya mafi tsada a duniya, muddin yana kwaɓa siminti da hannu tsirara, ranar da ya daina sha ranar ciwon zai fara dawowa.

Mataki na farko ba shi da tsada, kuma mutane da yawa a nan suke warkewa idan an bi shi da gaske. A shafa basilin ko man kaɗanya mai tsabta marar turare bayan kowace alwala da kowane wanke hannu, bayan an tsane ruwan har tsakanin yatsu. Da dare a shafa da kauri, a sa safar auduga. Wajen aikin ruwa a sa safar auduga daga ciki, ta naitiril ko ta binil daga waje, a riƙa cirewa bayan kamar minti 20 domin zufa ma na cin fata. A cire zobe kafin wanki. Makaniki ya daina wanke hannu da fetur ko gas. Sannan man shafawa mai sitiroyid mai ƙarfi, kamar kilobetasol na 0.05 cikin 100, sau ɗaya a yini na mako 2 zuwa 4, daga nan a rage zuwa kwana 2 a mako. Ma'auninsa shi ne a matso man daga bakin yatsan manuni zuwa gaɓar farko, wato kimanin rabin giram, wannan ya ishi hannu ɗaya ciki da baya. Kuskure biyu ake yi. Wasu na ɗan dangwalawa kwana 3 su ce bai yi aiki ba. Wasu kuma na shafawa wata da watanni har fatar ta yi siriri tana tsagewa da kanta. Idan ɓawo mai ruwan ɗorawa ko mugunya ta bayyana, ƙwayoyin cuta sun shiga, sai an fara da maganinsu.

Dole mu tsaya a kan abin da ya fi yi wa mutanenmu illa, wato deksametazon da firedinisolon na masu tallar magani, da allurar Kenacort da ake yi a bayan fage, dukansu sitiroyid ne. Suna kashe ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake komawa. Bayan watanni sai fuska ta kumbura, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, kuma da an daina kircin ya dawo fiye da da. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin jikinsa ya rage ƙera nasa sinadarin, yankewar na iya kai shi ga suma. Likita ne zai rage masa a hankali.

Idan duk wannan ya gaza, akwai tsofaffin magungunan sha. Metotireksat sau ɗaya ake shan sa a mako, tare da folik asid a wata rana dabam, kuma wanda ya yi kuskuren shan sa kullum na iya rasa ransa. Siklosporin na aiki da sauri amma yana taɓa ƙoda, yana hawar da jini, ba a daɗewa a kansa. Ƙwayar da aka yi wa rajista musamman domin kircin hannu mai tsanani a Turai da Kanada ita ce alitiretinoyin, mai suna Toctino a kwali, dangin bitamin A. Ana shan miligiram 30, ko 10, sau ɗaya a yini tare da babban abinci, na mako 12 zuwa 24. A babban gwajin da aka wallafa a 2008, mai mutum sama da 1,000, kusan 48 cikin 100 na masu shan miligiram 30 hannunsu ya warke ko ya kusa, a masu shan ƙwayar da babu magani a ciki kuwa 17 cikin 100. Ya fi yi wa mai kaurin tafi aiki fiye da mai ƙuraje masu ruwa. Yana sa ciwon kai, yana ƙara maiƙon jini, ba a haɗa shi da tetirasaikilin, sannan yana nakasa ɗan da ke ciki mummunar nakasa. Macen da za ta iya ɗaukar ciki sai ta fara tazarar haihuwa mai inganci wata 1 kafin ta fara, ta ci gaba har wata 1 bayan ta gama, ana gwajin ciki kowane wata.

Sababbin ƙwayoyin kuwa ana kiran su masu toshe JAK. A fatar mai kirci, ƙwayoyin garkuwa na aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai, manyansu IL-4 da IL-13 masu kumbura fata da raunana katangarta, da IL-31 mai tayar da ƙaiƙayi. Saƙon na tsayawa ne a ƙofar ƙwayar halitta, ba ya shiga da kansa. Masu kai shi ciki su ne wasu ƴan aike huɗu: JAK1, JAK2, JAK3 da TYK2. Maganin na riƙe ɗan aiken, sai saƙon ya tsaya a zaure. Shi ya sa ƙaiƙayi kan fara sauka cikin kwana 2 zuwa mako guda, tun fatar ba ta gama haɗewa ba. Amma waɗannan ƴan aiken su ne kuma ke kai saƙon yaƙi da tarin fuka da ƙwayoyin cuta na bairos, suna da hannu wajen ƙera jini a ɓargo. Daga nan duk haɗarin ya taso.

Uku ne Turai ta amince da su domin kircin gado, irin wanda ke tafiya da asma da atishawa. Barisitinib, wato Olumiant, Turai ta amince da shi a 2020, ana shan miligiram 4 ko 2. Upadasitinib, wato Rinvoq, Turai a 2021, Amurka a Janairun 2022, miligiram 15 ko 30. Abrositinib, wato Cibinqo, miligiram 100 ko 200, shi ma a ƙarshen 2021 a Turai da Janairun 2022 a Amurka. Duka sau ɗaya ake sha a yini, don haka mai azumi na iya tsayar da lokacinsa a sahur ko bayan buɗa-baki. Rinvoq an yi shi ne ya riƙa narkewa a hankali, ba a raba shi, ba a tauna shi, ba a daka shi. Wanda ya raba ƙwayar biyu domin kwali ya daɗe ya ɓata tsarinta. A lura da kyau: rajistarsu ta kircin gado ce. Idan kircin hannun ɓangare ne na wannan, shaidar amfaninsu mai ƙarfi ce, domin an auna hannaye a manyan gwaje-gwajen upadasitinib an ga sauƙi sosai. Idan kuwa na siminti ne ko na omo zalla, bayar da su hukunci ne na ƙwararren likitan fata bayan sauran hanyoyi sun gaza. Tofasitinib, wanda ya fi su araha saboda kamfanoni da yawa na yin sa, maganin ciwon gaɓoɓi ne da na hanji, ba a yi wa ƙwayarsa rajista domin kirci ba.

A ganinmu, a ƙasa irin tamu, gwaji biyu ne suka fi komai muhimmanci. Na farko tarin fuka. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar cutar a kwance shekaru ba tari ba rama, garkuwarsa ce ta killace ta. Da an toshe JAK sai ta farka, wani lokaci a ƙashin baya ko a ƙwaƙwalwa. Saboda haka sai an tambayi tarihin tari da zazzaɓin dare da wanda aka zauna da shi, a ɗauki hoton ƙirji, a yi gwajin fata na Mantoux ko na jini mai suna IGRA, a auna majina da na'urar GeneXpert idan akwai tari. Gwajin fata na iya ruɗewa a wanda aka yi wa rigakafin BCG, kuma yana iya nuna babu a wanda ya daɗe yana shan deksametazon. Mai cutar a fili ba a ba shi ƙwayar kircin sam. Mai ita a kwance sai a fara masa rigakafi, kamar izoniyazid na wata 6, kafin a fara ƙwayar. A nan akwai tarko: rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka, na sa hanta ta ƙone upadasitinib da abrositinib da sauri har su zama kamar ba a sha ba, don haka ba a haɗa su.

Na biyu ciwon hanta nau'in B. Afirka ta Yamma na cikin yankunan da ya fi yawa a duniya, kuma yawancin masu ɗauke da shi tun suna yara suka kamu, ba su sani ba. Danne garkuwa na iya tayar da shi ya ci hanta cikin makonni. Gwajin da ake rubutawa AgHBs a takarda bai isa shi kaɗai ba, sai an haɗa da anti-HBc, domin wanda na farko ya nuna babu amma na biyu ya nuna akwai, ƙwayar cutar na iya kasancewa a ɓoye. Irin wannan sai an auna yawan ƙwayar a jini, likitan hanta ya duba ko za a sa shi a kan tenofobir, maganin da ke danne ciwon hantar, ko a bar ƙwayar kircin gaba ɗaya. A haɗa da gwajin nau'in C da na sida.

Sai ƙidayar jini, wadda ake rubutawa NFS. Ba a fara maganin idan himogilobin bai kai giram 8 ba, ko, a cikin fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, nutirofil bai kai 1,000 ba, ko limfosayit bai kai 500 ba. A abrositinib, idan ƙwayoyin daskarar da jini ba su kai 150,000 ba, ba a farawa, kuma ana sake auna su a mako na 4 domin lokacin ne suka fi sauka. A garin da zazzaɓin cizon sauro da sikila da ƙarancin jinin mata suka zama ruwan dare, wannan sharaɗi zai tsayar da mutane da dama, kuma daidai ne ya tsayar da su. A auna ƙoda, domin barisitinib ta fitsari yake fita, mai raunin ƙoda ana rage masa zuwa miligiram 2, idan raunin ya yi tsanani a hana shi. A auna hanta da maiƙon jini, a maimaita bayan kamar mako 12.

Akwai gargaɗin da ke kan kwalin dukansu, ga asalinsa. An yi wani babban bincike mai mutum 4,362 masu ciwon gaɓoɓi, ƴan shekara 50 zuwa sama, kowannensu da wani abin da ke jawo ciwon zuciya, aka kwatanta tofasitinib da wasu allurai. An ga ƙarin sankara da bugun zuciya da daskarewar jini a jijiya a masu shan ƙwayar. A Satumban 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta tsaurara gargaɗi, a ƙarshen 2022 ta Turai ta ce ɗan shekara 65 zuwa sama, da mai shan taba ko wanda ya daɗe yana sha a da, da mai haɗarin ciwon zuciya ko sankara, kada a ba su sai idan babu wata mafita. Saurayi mai lafiya ɗan shekara 25 haɗarinsa bai kai na waɗancan ba, amma dattijon magini mai taba da hawan jini, bayanin kamar shi ake nufi. Macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu ta gaya wa likita, domin ita ma tana ƙara haɗarin daskarewar jini.

Mai ciki da mai shayarwa ba sa sha. Bayan an daina upadasitinib ko abrositinib a jira wata 1 kafin ɗaukar ciki. Rigakafi mai rai, wato mai ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, kamar na shawara da ake nema wajen tafiya da na ƙyanda, a yi shi makonni kafin a fara, ba a yin sa ana cikin sha. Ketokonazol da itirakonazol da kilaritiromaisin na ƙara ƙarfin upadasitinib a jini, fulukonazol kuma, wanda mata ke saye da kansu saboda ƙaiƙayin gaba, na ƙara na abrositinib har sai an rage shi da rabi. Masu aikin ƙarfi da suka saba da dikilofenak da ibufurofen kullum su sani haɗa su da wannan magani na ƙara haɗarin hujewar hanji.

Ana cikin sha, abin da aka fi gani ƙurajen fuska ne, da mura, da ciwon kai, da tashin zuciya a masu shan abrositinib, wanda ke sauƙi idan an sha da abinci. Ƙwayar ƙarambau da ta kwanta a jijiya tun yarinta na iya tashi ta fito da ƙuraje masu ruwa da zafi a jere a gefe ɗaya na jiki. Da an ga haka a dakata a je asibiti a fara asikulobir cikin kwana 3. Zazzaɓi mai zafi, tarin da ya wuce mako 2, idon da ya yi ɗorawa, ƙafa ɗaya da ta kumbura tana ciwo, numfashin da ya sarƙe farat ɗaya, ciwon ƙirji ko karkacewar baki, duk waɗannan a ajiye ƙwayar a nufi asibiti a ranar. Idan kuma ba a ga amfani ba bayan mako 8 a barisitinib, ko 12 a upadasitinib, ko 24 a abrositinib, ci gaba asarar kuɗi ce da ɗaukar haɗari a banza. Wanda ya ga amfani a sauko da shi zuwa mafi ƙarancin adadin da zai riƙe shi. Kuma a gaya masa gaskiya tun farko, cewa maganin danne ciwon yake yi, da yawa yana dawo musu cikin makonni bayan sun daina, domin ya yi lissafin aljihunsa kafin ya sayar da akuyarsa saboda kwali ɗaya.

Akwai hanyoyi biyu da ya kamata likita ya auna kafin ƙwaya. Man shafawa na delgositinib, wato Anzupgo, shi ma JAK yake toshewa amma a fata, kaɗan ne ke shiga jini. An yi shi ne musamman domin kircin hannu mai naci, ana shafawa sau 2 a yini, Turai ta amince da shi a Satumban 2024, Amurka a Yulin 2025, kuma da aka kwatanta shi da alitiretinoyin ya fi shi aiki da ƙarancin illa. Sai allurar dupilumab, wato Dupixent, miligiram 300 duk mako 2, wadda ba ta buƙatar yawan awon jini. Matsalarta a wurinmu tsada ce da ajiya, domin tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40 ga ɗaukewar wuta.

Roƙonmu ga hukumomin lafiya da asibitocin Maradi da sashen koyar da likitoci na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo shi ne a samar da kayan gwajin liƙe, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin CSI su iya bambance kirci da makero da ƙazuwa, a kuma sauƙaƙa kuɗin gwajin ciwon hanta da na tarin fuka. Masu farmasi kada su miƙa waɗannan ƙwayoyi sai da takardar likita, su tambayi mai saye ko an yi masa awon, su duba lambar rukuni da ranar ƙarewa, su ajiye su a cikin ledarsu ta asali nesa da zafi da laima. Ƴan kwangila da iyayen gidan garejoji da wuraren wanki su saya wa yaransu safar hannu mai kyau da gwangwanin basilin, su ajiye ruwa mai tsabta da za a wanke siminti da zarar ya taɓa fata. Wanda kuma ɗan'uwansa ya aiko masa da kwali daga waje, ya kai wa likita kwalin a rufe tare da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya da na mai talla, a rubuta masa awon tukuna.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya, Maradi